Godiya ga dattijon da ya hana ni sauke injin motata

Filina na yau na wani dattijon bakanike ne a nan Kano, wanda duk mutanen gareji ke kira Baba, ni ma haka nake kiransa. Na nemi izinin in faɗi sunansa da inda yake aiki, ya ce a'a, motocin da ke gabansa sun ishe shi, gwiwoyinsa ba sa ɗaukar ƙari. Na bi umarninsa. Sai dai ban yi masa alkawarin zan yi shiru da abin da ya yi mini ba. Yaba kyauta tukuici, ni kuwa ba ni da tukuicin da ya wuce alƙalami.

Motar da ake magana Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano, mai injin nan 1ZZ-FE, lita 1.8, silinda huɗu. Ko a nan gida sai da wani ya more ta kafin ta zo hannuna. Ni malamin makaranta ne. Ita ke kai yara makaranta da safe ta wuce da ni wurin aiki, ranar da mahaifiyata take da ganin likita kuma ita ke kai ta.

Da hunturu ya fara shigowa sai ta soma ciwo. In ka tayar da ita da sassafe sai ta kama karkarwa, sitiyari na rawa a hannunka, allurar silo tana sama tana ƙasa, kana jiran ta mutu. In ta ɗumama sai ta ɗan lafa. Daga baya abin ya ƙaru. In na taka totur zan hau gadar Ƙofar Nassarawa sai ta riƙa cijewa tana fizga, fitilar cek ɗin nan mai ruwan ɗorawa tana ƙyaftawa. Shan mai kuwa ba a magana. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. An kuma saki naira a watan Yunin 2023, kayan gyara da kusan duk daga waje suke zuwa suka bi dala sama. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a doka tun Yulin 2024, tankin Corolla kuwa lita 50 yake ci. Mai karatu ya buga lissafin da kansa.

A garejin da na saba zuwa, wanda ba zan kama sunansa ba don ba ƙara na kawo ba, an fara da canza fulogi. Shiru. Aka ce nozul ne, aka wanke. Shiru. Aka ce a sayi fanfon mai. Kafin in haɗa kuɗinsa magana ta koma cewa ai ringi ne ya cinye, gara a sauke injin a ɗaura Beljiyam a huta. Kuɗin da aka faɗa mini ya haɗiye albashina na watanni. Maiɗakina ta ce ga kwasar adashinta na tafe, in karɓa in yi gyara. Wallahi wannan magana ta fi karkarwar motar hana ni barci, don na san abin da ta daɗe tana tara kuɗin dominsa.

Wani abokin aikina, malamin lissafi, shi ya ce kafin in taɓa kuɗin matata in kai motar wurin Baba. Har ya bar abin da yake yi ya raka ni.

Abu na farko da nake gode wa Baba a kai shi ne tambaya. Bai buɗe bonet ba sai da ya zaunar da ni a benci. Yaushe ta fara? Da safe ta fi yi ko da rana? A tsaye ko a tafe? In ka kunna esi fa? Baƙin mai yana raguwa? Ruwan lagireto fa, kana ƙarawa? Ka sha mai a wurin 'yan bumburutu kwanan nan? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta banza ba ce, kowa ya tuna watan Fabrairun 2022 da aka shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol, motoci suka yi ta kwanciya a Legas da Abuja. Na ce masa gidan mai ɗaya nake sha, maƙwabcina ma can yake sha, tasa motar lafiya lau. Ya gyaɗa kai. Sai ya tambayi me da me aka taɓa, kuma ina tsofaffin kayan da aka cire. Na ce tsofaffin fulogin suna but, a cikin leda.

"Malam," in ji shi, "kamar yadda ka ba ni labarin nan, ciwo biyu ne. Wanda ke kama ta da safe a tsaye daban, wanda ke kama ta a kan gada daban. Shi ya sa duk wanda ya nemi abu ɗaya zai yi ta canje-canje bai samu ba."

Ya sa na tayar da ita, ya zagaya baya ya tsuguna da ƙyar, ya tara tafin hannunsa a bakin salansa. Ya ce in taka, in saki, in sake takawa. Da ya miƙe sai ya yi mini bayanin da ban taɓa ji daga bakin bakanike ba. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, shi ne ke nuna ringi ko robobin bawul. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa ko mota ta yi zafi, ruwa ne ke shiga, a tuhumi gasket ɗin tof silinda. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Tawa ba ta da ko ɗaya. Abin da hannunsa ya ji shi ne numfashin yana tsallake, bugu uku lafiya, na huɗu babu. Ya zaro sandar gwada baƙin mai ya murza a yatsa, ya leƙa ƙarƙashin murfin da ake zuba shi ko zai ga farin kumfa. Babu.

Ya ce inji abu huɗu yake nema: iska, mai, wuta, da matsi. Duk karkarwar da za ka gani, ɗaya daga cikinsu ne ya gaza, ko bai zo a kan lokaci ba. "Za mu bi su ɗaya-ɗaya, mu fara da wanda gwada shi kyauta ne. Ba za ka sayi ko noti ba sai na nuna maka da idonka cewa shi ne."

Baba ɗan zamanin Fijo ne. Ya koyi aiki lokacin da 504 ɗin da ake haɗawa a Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki a 1975, ita ce sarauniyar titi, lokacin kafireto da kwantak da distiributa. Ya ce a wancan zamani in mota tana mis sai ka riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya inji na aiki. Wadda ka zare injin ya ƙara rikicewa, silindarta na da rai. Wadda ka zare bai ji komai ba, nan gawar take. Na lura bai jefar da wannan tunani ba, kuma bai tsaya a kansa ba. Da yawa daga sa'o'insa in an ce kwamfuta sai su taɓe baki. Shi kuwa ƙwala wa babban yaronsa kira ya yi, ya ce, "Zo ka sa mata abin naka."

Abin nasa wata 'yar na'ura ce da ba ta kai kwalin ashana biyu ba, ELM327, wadda ake sokawa a wata kafa mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta yi magana da waya ta Bluetooth. Tun 1996 doka ta tilasta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta zo da wannan kafa, tsarin da ake kira OBD-II, a Turai kuma motocin fetur suka bi sahu daga 2001. Wato galibin motocin da ke yawo a titunanmu suna iya faɗin abin da ke damunsu da kansu, mu ne ba ma tambayarsu. Yaron ya buɗe manhaja, lambobi biyu suka fito: P0303 da P0171. Ya fassara mini. Ta farko tana nufin silinda ta uku ba ta ƙona manta yadda ya kamata, lambar ƙarshen ita ke faɗin silindar, da ta ɗaya ce da P0301 za a gani. Ta biyu tana nufin iska ta rinjayi mai. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, bisa nauyi, in iska ta zarce haka sai kwamfutar motar, birenbos ɗin, ta yi ta ƙara mai don ta cike giɓi, in ta ƙara har ta gaji sai ta kunna fitila. Ciwo biyu, kamar yadda Baba ya faɗa tun a benci. Yaron ya kalli ubangidansa yana murmushi, shi ko a jikinsa.

Na ɗauka an gama, sai sayen kaya. Baba ya ce tukuna. "Kwamfuta kamar majinyaci ce, Malam. Za ta nuna maka inda ke mata ciwo, amma ba ita ke rubuta magani ba. Ta ce silinda ta uku. Ba ta ce kwayil ba, ba ta ce fulogi ba, ba ta ce nozul ba, ba ta ce bawul ba." Na sha ganin wuraren da ake karɓar kuɗi a soka na'ura, a karanto lamba, a miƙa maka jerin kayan da za ka saya. Wannan rabin aiki ne, kuma rabin mai sauƙin.

Ya sa aka cire murfin roba na saman inji. A irin wannan inji kowace silinda da nata kwayil a zaune a kan fulogi, noti ɗaya ke riƙe da shi, sufana goma ke kwance shi. Aka zaro fulogin huɗu aka jera su a kan kwali bisa tsari, don kada a rikita na wace silinda ce. Sababbi ne, kwalinsu ma da sunan babban kamfani, amma da Baba ya ɗaga ɗaya a rana sai ga ɗan tsinin bakinsa har ya fara zaizayewa, tazarar da ya kamata ta tsaya a milimita 1.1 ta buɗe. Ya ce in ɗauko ledar but. Tsofaffin Denso ne na iridiyam, na asali, tsininsu siriri tsaf, sai ɗan toka-toka mai ruwan ƙasa a jiki. Toyota ta ba irin waɗannan tafiyar mil 120,000. Ya goge su, ya duba tazararsu, ya mayar da su. Ya ce jabun fulogi ba kuɗinka kawai yake ci ba, in tazararsa ta buɗe sai kwayil ya riƙa wahala kafin ya tsallakar da wuta, wanda dama ya tsufa sai ya ƙarasa.

Aka tayar, har yanzu tana tsallake. Sai ya yi abin da ya fi komai burge ni saboda sauƙinsa. Ya ɗauke kwayil ɗin silinda ta uku ya kai ta ɗaya, wadda ke gefen bel, ya dawo da na ɗaya ta uku. Yaron ya goge lambobin, muka fita da ita muka taka ta a hawa har ta cije. Da muka tsaya aka sake karantawa, P0303 ta ɓace, P0301 ta fito. Ciwon ya bi kwayil ya koma sabon gida. Ba a kashe ko kwabo ba, kuma babu sauran gardama. Baba ya ce da lambar ta tsaya a uku, da fulogi za a musanya haka nan, in ta ƙi motsi a musanya nozul, in duk ta ƙi, to sannan ne za a fara zargin cikin inji.

Duk da haka bai bar maganar ringi a rataye ba, don ya ga ita ce ta tsaya mini a rai. Ba shi da gejin gwada matsi, ya aika aka aro a wurin maƙwabcinsa. Aka cire fulogin duka, aka zare fiyus don kada mai ya riƙa fesawa, na take totur har ƙasa ina yi mata ki, shi yana karanta allura silinda bayan silinda, yaron yana rubutawa da alli a jikin bango. Lambobi huɗun suka fito kusa da juna, ba wadda ta faɗi. Ya ce abin da ake dubawa ke nan, kada ɗaya ta yi nisa da 'yan'uwanta. Da an samu mai rauni, sai a ɗiga mata ɗan baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin fulogi a sake gwadawa. In allura ta tashi, ringi ne, don man ya toshe inda iska ke zurarewa. In ba ta tashi ba, a nemi bawul ko gasket. Ya nuna bangon da sukundireba ya ce, "Injin da ringinsa ya cinye ba ya ba da wannan. Wannan injin ba inda za shi." Na koma gefe na buga wa maiɗakina waya na ce ta riƙe kuɗinta. Abin da ta ce a wayar addu'a ce, kuma Baba, taka ce, na yi alkawarin zan isar.

Ciwo na biyu shi ya fi cin lokaci. Ya ce in bar motar ta kwana, don ciwon da ke zuwa da sanyi ba a kama shi da rana tsaka. Washegari bayan sallar asuba na iske shi ya riga ni, da rigar sanyi da hula har kunne. Kafin a taɓa komai ya sa yaron ya buɗe shafin da ke nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa. A lafiyayyar mota bai cika wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba. Tawa a silo ta haura 20. Da na taka zuwa juyi 2,500 a minti na riƙe, sai lambar ta sauko kusa da daidai. Baba ya ce wannan kaɗai ya wanke fanfon mai. Hujjarsa ita ce, fanfon da ya gaji a lokacin da ake neman mai da yawa yake kasawa, wato da shi ne, da takawa ƙara ɓata lambar za ta yi. Amma in wata kafa ce iska ke satar shiga ta bayan sensar da ke auna ta, a silo ne za ta fi yin ɓarna, don a lokacin iskar da injin ke ja kaɗan ce, ta satar sai ta zama kaso mai yawa. In ka buɗe totur sai ta nitse a cikin iskar halak. Na daɗe ina koyar da yara, na san bayani mai kyau in na ji shi.

Saura a gano kafar. Ya bi tiyo-tiyon roba da hannu yana lanƙwasa su ko akwai tsaga. Sannan ya ɗauko gwangwanin feshin wanke kafireto, ya sa aka ajiye bokitin yashi a kusa, ya ce kowa ya ja baya, don abin nan yana kama wuta, shi ya sa ma ba a yin wannan gwaji a kan inji mai zafi. Ya riƙa fesawa kaɗan-kaɗan a bakin mahaɗa. Tiyon farko shiru, na biyu shiru. Da ya zo inda manifol ɗin iska ya haɗu da kan inji, yana fesawa sai muryar injin ta canza, karkarwar ta ɗauke na ɗan lokaci, sannan ta dawo. Ya sake, ta sake. Injin yana zuƙar feshin ta inda bai kamata a ce akwai hanya ba.

Manifol ɗin wannan inji na roba ne mai tauri, tsakaninsa da ƙarfe akwai siririn gasket da ke zagaye ramuka huɗu. Da aka kwance aka zaro shi, Baba ya ɗora mini a tafin hannu. Baƙi ne, ya baje ya yi lebur, ya bushe ƙamas, da na ɗan lanƙwasa shi sai ya tsage. In gari ya yi sanyi sai ya ƙanƙance iska ta samu hanya, in inji ya yi zafi komai ya buɗe sai ya ɗan toshe. Ga dalilin ciwon safiya. Ashe sanannen lahani ne a Corolla da Matrix da Vibe na waɗannan shekaru, har Toyota ta sake fito da wani gasket ɗin mai ruwan lemo wanda ya fi jure sanyi da zafi. Shi Baba ya ce a nemo.

Tunda an riga an buɗe wurin, ya kwance sensar iska, sukurori biyu ne kawai, ya nuna mini 'yan siraran wayoyin da ke cikinta sun yi fututu da ƙurar hunturu. Ya fesa musu abin wanke kayan lantarki daga nesa, ya bar su suka bushe da kansu. Ya ce kada in yarda kowa ya sa musu tsinke ko burushi ko fetur. Matatar iska kuma ya kakkaɓe ta, ya ɗaga ta a rana, ya ce za ta kai ƙarshen wata.

Kasuwar Ƙofar Ruwa yaronsa ya raka ni, kuma ba don shi ba da an yi mini sakiyar da ba ruwa. Baba ya ce kwayil ɗaya za mu saya, Beljiyam na asali, ya fi sabo mai ƙyalli wanda ba a san uwarsa ba. Bai ɓoye mini ba cewa huɗun tare suka tsufa, mai hali duka yake canzawa. "Amma kai ba ka da hali yanzu. Sayi ɗaya, ka ajiye sufana goma a mota, ka riga ka ga yadda ake yi." Yaron ya juya kwayil ɗin ya duba rubutun jikinsa, ya duba robar bakinsa ko ta tsage, ya kuma ƙulla da mai shagon cewa in an ɗaura bai yi ba za a dawo da shi a canza. Mai shagon ya yarda ba tare da ja-in-ja ba, shi ma ina gode masa.

Aka ɗaura, aka tayar. Allurar silo ta hau, ta sauko a hankali yayin da injin ke ɗumama, ta zauna wajen 700 ba ta ƙara motsi ba. Yaron ya nuna mini waya, ƙarin man ya dawo ƙasa da kashi 10. Muka hau gadar da ta saba ba ni kunya, ta haye ba ko tari.

Akwai abubuwa biyu da ya faɗa mini waɗanda ban tambaye shi ba, kuma ba su ƙara masa ko sisi ba. Na ɗaya, fitilar cek in ta tsaya cak tana nufin ka nemi lokaci ka duba, amma in tana ƙyaftawa ɗanyen fetur ne ke wucewa salansa yana ƙonewa a cikin matatar hayaƙi, indomin nan, kuma zai iya narkar da ita. Tawa Allah ya tsare ba ta kai ga haka ba. Ya ce in kiyayi duk wanda zai ce mini ita ce ke toshe mota a fasa a cire, domin akwai ma'adanai masu tsada a cikinta, irin su filatinam, kuma masu sayenta suna nan suna jira a bayan gareji. Na biyu, yaron ya lura a waya cewa zafin injin yana jinkirin hawa, da aka duba ashe tun kafin motar ta zo hannuna an cire mata tamostat an haɗa fanka dairek, al'adar da ta zama ruwan dare a garejojinmu da sunan wai ƙasarmu da zafi. Baba ya ce injin an yi shi ne ya yi aiki da zafinsa, tamostat ɗinsa sai wajen digiri 82 yake buɗewa, in ka hana shi ɗumama kwamfuta za ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ba shi mai. Amma bai ce in yi a ranar ba. Ya kasa mini gyaran kashi uku: na yau, na ƙarshen wata, da wanda zai iya jira har bayan salla. Wanda bai taɓa zama da albashi ɗaya da buƙata goma ba ba zai san darajar wannan kasafi ba.

Da aka zo biya, abin da ya faɗa ya ba ni kunya. Kuɗin ɗaura gasket kawai ya lissafa. Tambayoyin benci, da musanyar kwayil, da gwajin matsi, da fitowar asuba a cikin sanyi, duk bai sa su a lissafi ba. Na ƙara masa, ya ture, na dage, ya karɓi rabi ya miƙa wa yaron. Duk abin da na kashe, da kaya da aiki, bai kai kuɗin cika tankin motar ba.

A nan ina da magana da mu masu mota, don na yi ta juya abin a raina. Mun saba ba ma biyan bakanike sai mun ga an cire wani abu an sa wani. In ya yi awa uku yana bincike ya ce maka wata 'yar roba ce, sai ka ba shi kuɗin roba kana ganin ka yi adalci. In ya ce a sauke inji, nan ne zai samu na cefanen mako. To wane ne zai zauna yana bincike? Ban ce wannan ya halatta wa kowa ya yi ta cacar kaya da kuɗin mutane ba, kuma har yanzu ina ganin bai dace a yanke wa inji hukunci ba a sa masa geji ba. Amma tsarin da muka gina yana hukunta mai haƙuri ya saka wa mai gaggawa. Irin su Baba suna yin abin da suke yi ne don tsoron Allah da kishin sana'a, ba don kasuwa tana biyansu ba, kuma ba su da yawa.

Baba, na gode. Na gode da ka saurare ni kafin ka saurari motar. Na gode da ba ka ɓoye mini ilminka ba, kana yi kana nuna mini, alhali ka san gobe in kwayil ya sake mutuwa ba sai na zo wurinka ba. Na gode da ba ka zagi wanda ya taɓa motar kafin kai ba, ko sau ɗaya ban ji ka ce wane ne ya yi wannan aikin banzan ba. Allah ya ba ka lafiyar gwiwoyin nan, ya albarkaci zuri'arka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Yaronka mai waya, Allah ya yaye shi cikin albarka ya ba shi nasa garejin, ya haɗa masa hannunka da idonsa. Abokin aikina da ya raka ni, da maƙwabcina da ya riƙa haɗa yarana da nasa yana kai su makaranta ranakun da motar take kwance bai taɓa karɓar kuɗin mai ba, da mai gejin da ya ba da aro bai san ni ba, Allah ya biya ku da mafificin alheri. Maiɗakina kuwa, tayin da ta yi yana rubuce a wurina kamar na karɓa.

Mai karatu, roƙona biyu ne. Ka sa wannan dattijo a addu'arka ko da ba ka san sunansa ba. Sannan duk ranar da bakanikenka ya ɓata lokacinsa ya gano maka ciwon mota da hujja, ka biya shi kuɗin binciken daban, ko da abin da za a canza na naira dubu biyu ne.